Takardar Juyin Malama

Shafi na 23

Masu zagina a sharhi tun shafin jiya, ban hana ku ba, ni ma na zagi kaina fiye da haka. Ku dai daure ku karanta wannan har ƙarshe, sai ku ɗora daga inda kuka tsaya.

Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana 'yar Malama ta turo ƙofar ɗaki na shida. Ranar Laraba ce. Ita kuwa Asabar take zuwa, Asabar ɗin ma sai ta bugo waya tukuna, mu yi wa Malama wanka, mu canza zanin gado, mu fesa turare. Yau babu waya, babu sanarwa, sai ga ta da leda a hannu tana murmushi.

Ina durƙushe ina goge ƙasan gado. Na miƙe da sauri.

"Sannu da aiki, Monita."

Sunan da uwarta ta laƙaba mini ke nan. Shekara talatin da biyar Malama ta yi tana koyarwa kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, aka kawo ta gidan kula da tsofaffin da nake aiki. Har yau kowa ɗan aji ne a wurinta. Mai dafa abinci ɗan aji, likita ɗan aji. Ni da nake kawo mata ruwa da labarin waje, sai ta ba ni muƙami.

"Sannu da zuwa, Anti. Yau kuma?"

"Tafiya ce ta taso mini gobe, na ce bari in leƙo ta. Barci take?"

"Eh... barci take."

"Gidan naku sai ƙamshin fenti yake. Har da sababbin labule. Biki za ku yi?"

"Masu dubawa ne za su zo gobe daga hukuma."

Ta yi dariya. Ta nemi inda za ta rataye ledarta, ta nufi ƙarfen gado na wajen ƙafa. A nan allon takardar juyi yake rataye.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: duk wanda ba ya iya motsa kansa, doka ce a juya shi duk bayan awa biyu, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa rigingine, don kada nauyin jikinsa ya cinye masa fata. Wanda ya juya shi sai ya rubuta lokaci ya sa hannu. Takarda ce ɗaya tak, amma ita ce rabin ran mai kwance.

Anti ta ɗauki allon don ta matsar da shi. Sai ta tsaya. Na ga murmushin nan yana bajewa a hankali.

"Monita, agogona ne ya lalace?"

"Na'am?"

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Ɗaya da kwata."

"To nan an rubuta an juya Mama ƙarfe biyu, gefen hagu. An juya ta ƙarfe huɗu, rigingine. Ƙarfe shida ma an juya ta, har da cewa fata lafiya lau."

Ta juyo da allon ta nuna mini.

"Sa hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Kin san gaibu ne?"

"A'a, Anti."

"To yaya aka yi kika juya ta ƙarfe shida, alhali azahar ma ba ta yi ba?"

Me zan ce? In ce mata haka muke yi kullum? Tun satin da na fara aiki, babbar abokiyar aikina da muke kira Uwar Biro ta zaunar da ni ta ce, "Ke, takarda ake dubawa, ba bayan tsohuwa ba. Cika abarki tun safe ki huta, in kin samu sarari kya juya." Ranar na yi tir da ita a zuciyata. Bayan wata biyu na fi ta saurin hannu.

Malama ta taɓa kama ni ina yi. Ta bi biron da ido har na kai ƙasan shafi, sannan ta ce da harshenta mai nauyi, "Monita, ni ban taɓa ba ɗalibi maki a takardar da ban karanta ba." Na yi dariya na ce Malama ba ki da dama. Da na fita baranda kuka na yi, amma washegari na sake cikawa.

Anti ta ajiye allon a kan gado. Ta taɓa goshin uwarta, ta janye hannu da sauri.

"Jikinta ai wuta ne! Mama? Mama, ni ce."

Malama ta motsa leɓe, ba ta buɗe ido ba.

"Wannan ba barci ba ne. Monita, kama mini mu juya ta."

"Anti, bari in kira Manaja..."

"Na ce ki kama mini!"

Na sa safar hannu cikin gaggawa har yatsa biyu suka shiga rami ɗaya. Na nuna mata inda za ta riƙe, kafaɗa da ƙugu. Na ƙirga uku muka juya. Wannan shi ne juyi na gaskiya na farko da aka yi wa Malama cikin kwana uku, kuma 'yarta ce ta zama hannu na biyu.

Warin ne ya fara fitowa. Duk turaren da aka fesa a gidan nan bai iya danne shi ba.

Anti ta ɗaga rigar. Bandejin da na manna tun Litinin ya jiƙe ya saki. A ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, gyambo ne mai faɗin tafin hannu, bakinsa ya yi baƙi, cikinsa ya zurma yana ruwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sau uku ta faɗa. Ba ta yi ihu ba. Na fi son a ce ta yi ihu, ko ta wanke ni da mari, da wannan muryar da ta yi ƙasa-ƙasa.

"Fata lafiya lau," ta ce. "Da hannunki kika rubuta."

"Anti, ki yi haƙuri."

"Haƙuri? Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a kujerar nan ina yanke mata farce. Kina tsaye kina ba mu labari muna dariya. Wannan abin yana bayanta a lokacin?"

Na kawar da kaina gefe.

"Ki dube ni! Tun yaushe?"

Kafin in buɗe baki sai ga ƙarar takalmi. Manaja ce, da tarin takardu a ƙirji. Dama ta ce kafin ƙarfe biyu za ta zo ta tattara takardun juyi na kowane ɗaki, a cike har yamma, don ta jera su a fayil kafin gobe. Mace ce mai sanyin murya, in tana magana sai ka ɗauka addu'a take maka.

Kallo ɗaya ta yi wa gadon ta gane komai. Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe.

"A'a, 'yar'uwa, ashe kin zo. Ai da kin biyo ta ofis mun gaisa."

"Mene ne wannan a bayan uwata?"

Manaja ta leƙa, ta ɗan yamutsa fuska, ta gyaɗa kai irin na wadda ta saba.

"Wayyo, Malama. Kin san fatar tsofaffi, kamar jiƙaƙƙiyar takarda take. Yau lafiya, gobe ta buɗe. Ganinsa ne da ban tsoro, amma ƙaramin abu ne a wurinmu. Likitanmu zai zo jibi, na riga na sa sunanta a gaba."

"Jibi? Jikinta fa zafi zau."

"Mura ce ke yawo a saman benen nan, mutum huɗu ta kama. Mun ba ta magani."

"Zan kai ta asibiti."

"Haba dai. Ki jijjiga tsohuwa a mota a kan ciwon da ya fito jiya? A can sai ta kwana a baranda kafin a samu gado. Nan kuwa ga gadonta, ga waɗanda suka san ta. Ki bar mana zuwa jibi, in bai yi sauƙi ba ni da kaina zan raka ku."

Na ga Anti ta fara sanyi. Ba laifinta ba ne, ba ta san ciwon nan ba, kuma duk wanda ke cikin tsoro yana son a ce masa abin ƙarami ne. Ta dubi uwarta, ta dubi Manaja.

"Jiya ya fito?"

"Jiya da yamma. Ga mai kula da ita nan ki tambaye ta." Manaja ta juyo gare ni tana murmushi. "Ko ba jiya ba ne, Monita?"

Ni na san dalilin jibin nan. Duk tsohon da aka kai asibiti da irin wannan gyambo, asibitin sai ya sanar da hukuma, ga shi gobe masu dubawa za su zo. Manaja so take a rufe ɗaki na shida a ce mai shi tana barci, a wuce da baƙi zuwa ɗakunan da aka yi wa fenti. Na kuma san wani abu: Malama ba za ta kai jibi ba. Na ga irin wannan zazzaɓin sau biyu a gidan nan, duka biyun ni na naɗe katifar daga baya.

Na tuna yarana biyu. Da aikin nan nake ciyar da su, ba ni da wani. Wallahi har na buɗe baki zan ce eh, don harshena ya saba. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya ɗauke ni jaruma.

Sai Malama ta yi wani ɗan nishi, siriri, irin wanda take yi in tana jin kunyar a san tana jin ciwo.

"Sati uku," na ce.

Murmushin Manaja bai motsa ba. "Me kika ce?"

"Sati uku ke nan, ranki ya daɗe. Ja ya fara yi, na zo ofis na faɗa miki, kika ba ni man shafawa kika ce in rubuta lafiya lau. Da ya fashe na sake zuwa, kika ce kada in ɗaga wa iyalinta hankali."

"Monita, kin gaji. Je ki sha ruwa."

"Na gaji, amma ba ƙarya nake ba." Na juya wajen Anti, maganar ta ɓalle mini kamar an buɗe famfo. "Anti, mutum sha huɗu ne a saman nan, ni kaɗai ce tun Litinin. Abokiyar aikina bayanta ya riƙe tana gida. Na'urar ɗaga marasa lafiya wata biyu ke nan da lalacewa, tana can an lulluɓe ta da zane. Malama sai mutum biyu suke juya ta. Ranar Litinin na gwada ni kaɗai, saura kaɗan ta suɓuce mini ta faɗo ƙasa, ta yi ƙarar da har yanzu ina jin ta a kunnena. Tun ranar matashi kawai nake cusa mata a gefe. Mai karɓata da yamma ita ma ita kaɗai ce, ita ma cusawa take ta sa hannu."

"Ya isa haka," in ji Manaja.

"Ba mura ba ce. Tun Litinin zazzaɓin nan yake hawa. Tun jiya ba ta yi fitsari ba, da safe ko ruwa ta kasa haɗiyewa. Anti, don Allah ki kira motar asibiti yanzu. Kada ki jira jibi, kada ki jira la'asar."



Anti ta ciro wayarta. Manaja ta matsa ta dafa mata hannu.

"'Yar'uwa, mu je ofis mu yi magana ta hankali."

"Ɗauke hannunki daga jikina."

Ta kira. Ta faɗi adireshi, ta faɗi shekarun uwarta, muryarta ba ta ko girgiza ba. Manaja ta tattara takardunta, ta miƙa hannu za ta ɗauki allon da ke kan gado. Anti ta riga ta, ta zare takardar ta ninke ta cusa a jaka.

A bakin ƙofa Manaja ta tsaya, ba ta ko dube ni ba.

"In kin gama, ki ajiye rigar aiki da makullai a ofis. Sa hannunki ne a takardar, ba nawa ba. Ki tuna da wannan in an tambaye ki."

Ta fita. Gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Muka rage mu uku. Na jiƙa tawul na fara goga wa Malama a goshi da wuya. Anti ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun uwarta, wanda ya shanye, don mai lafiyar yana ɓangarena.

"Kada ki ɗauka na yafe miki," ta ce.

"Ban ɗauka ba."

"Kina da lambata. Sau nawa na ce ko ƙaya ce ta soke ta ki kira ni?"

"Ta hana ni."

"Wa?"

"Malama. Ranar da ya fashe na ce zan kira ki, ta riƙe mini riga. Ta ce ke kika zagaya gidaje biyar kafin ki zaɓi wannan, kika yi ta kuka ranar da kika kawo ta. Ta ce in kika ji, kanki za ki ɗora wa laifi, ga aiki ga yara, za ki ce sai kin mayar da ita gida ki kashe kanki da jinya. Duk Asabar sai ta sa na jingina ta da matasai uku, ta cije ta yi ta miki dariya. Kina fita take cewa in kwantar da ita."

Anti ta sunkuyar da kai. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Ni da nake tafiya ina cewa Mama ta yi kyau... har hoto nake ɗauka ina tura wa 'yan'uwa."

Sai kuma ta ɗago, idonta jajir.

"Kuma kika ji maganarta? Mara lafiya ta ce ki yi shiru, sai kika yi?"

"Shirun ya yi mini daɗi ne, Anti. Da ba ta hana ni ba ma, ban sani ba ko zan kira."

Ta daɗe tana kallona. 

Minti ashirin motar ta yi kafin ta iso, ni kuwa na ji kamar wuni guda. Mutum biyu suka hawo da gado mai taya da ake turawa, mace da namiji. Macen ce babba. Ta duba gyambon, ta auna jini, ta ɗaga fatar idon Malama, ta dubi abokin aikinta. Nan take na ga hannunsu ya ƙara sauri.

"Wa ke kula da ita?"

"Ni ce."

"Yaushe aka juya ta na ƙarshe, kafin yau?"

"Litinin da safe."

Ta ɗago ta dube ni. Ba zagi, ba tsaki, ta dai rubuta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ciwon ya shiga jininta," ta ce wa Anti. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ki shirya zuciyarki. In ta farka ta yi magana ba daidai ba, zafin ne."

Suka sa mata ƙarin ruwa. Mu huɗu muka ɗaga ta zuwa kan gadon mai taya, cikin daƙiƙa biyu, babu ko wahala. Abin da ya gagare ni kwana uku ke nan, hannuwa kawai yake so.

Ɗagawar ce ta farkar da ita. Ta buɗe ido tana dube-dube, hannunta mai lafiya ya lalubo ya damƙe gefen rigata. Na yi ƙoƙarin zarewa a hankali, ta ƙara ƙanƙamewa. Haka muka bi baranda, ina tafe a gefen gado a sunkuye, Anti na ɗaya gefen tana kiran "Mama, Mama, ga ni nan." Tsofaffin da ke iya tafiya suka fito bakin ƙofofinsu suna kallo. Duk sun san ma'anar gadon nan.

A bakin mota ma'aikaciyar ta tare mu da hannu.

"Mutum ɗaya ne zai shiga. Wace ce 'yarta?"

"Ni ce," in ji Anti, ta ɗora ƙafa a matakala.

Malama ta juyo da kai. Ta dubi Anti sama da ƙasa, kallon da take yi wa sabon ma'aikaci ranar da ya fara aiki. Wannan matar da ta cije sati uku don kada ran 'yarta ya ɓaci, yau zafin da na bari ya shige ta ya shafe mata fuskar 'yar.

"Baiwar Allah," ta ce mata a hankali, "matsa mana."

"Mama, ni ce fa! Mama, dube ni!"

Malama ta ja rigata da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta dubi ma'aikaciyar.

"Ga 'yata nan," ta ce. "Ita ce ba ta barina."